Man da Nake Shafa wa Baba

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka buɗi, ya raya maka yaran, ya sa zaman da kake yi a can nesa ya zama alheri gare mu baki ɗaya. Mu a nan sai godiya. Baban yara yana nan yana fama da ciwon bayansa da ƙin shan magani. Babbar 'yata ta fara koyon yanka a shagona, ta riga ta lalata mini yadi biyu. Gwaggo kuwa idon ya yi sauƙi, har ta koma ganin laifin kowa kamar da. Na san za ka yi mamakin ganin takarda da rubutun hannuna a wannan zamani da kowa ke danna waya. Abin da ke raina ne ba ya faɗuwa a waya, kuma ko da yana faɗuwa, ai ba ni kake kira ba. Wata biyu ke nan lambar ƙanwarmu Auta kaɗai ka sani in kana son labarin Baba. Ba ƙorafi nake yi ba, ina dai gaya maka na lura.

Bari in fara daga farko, domin ban san yadda aka tsara maka labarin ba. Ka san gyambon da ya fito wa Baba a tafin ƙafar hagu, wanda ciwon suga ya hana warkewa. Wata takwas ina wanke shi safe da yamma, ina naɗewa, ina kwancewa, har na san warinsa fiye da yadda na san ƙamshin girkina. Ranar da likitan fiɗa ya duba ya ce in bai fara rufewa ba za a cire ƙafar daga idon sawu, ni ce a tsaye a bayan kujerar Baba, ni na ga yadda ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. A makon nan ne Auta ta shigo da wayarta a hannu, tana haki, wai ta gano wani magani da ake yi a babban asibiti, a sa mutum cikin bututun iska. Ta bi ofis-ofis har ta samo wa Baba gurbi. Aka ce zai shiga sau talatin, kwana biyar a mako, sannan a sake duba ƙafar a yanke shawara. Aka kuma gargaɗe mu cewa masu jira suna da yawa, duk wanda ya rasa shiga har sau uku za a ba wani gurbinsa ya koma ƙarshen layi, layin kuwa ya fi wata guda. Likitan fiɗa ya ce ƙafar ba za ta jira wata guda ba.

Tun da ba ka gan shi ba, bari in kwatanta maka abin. Ɗaki ne mai sanyi a ƙarshen wani dogon baranda, babu taga, ƙasansa fes. A tsakiya akwai bututu na gilashi mai kauri, tsawonsa ya ɗara mutum kaɗan. Ana kwantar da mai jinya a kan siririn gado, a tura shi ciki, a rufe ƙofa mai nauyi ta wajen kai, sai a cika bututun da iskar oksijin zalla, a yi ta matsa ta a hankali. Likitar da ke kula da sashen ta yi mana bayani cewa jinin Baba ba ya kai isasshiyar iska can ƙasan ƙafa, shi ya sa naman ya kasa haɗewa, wannan matsi kuwa yana dura iskar cikin jini har ta isa inda ba ta isa da. Ta ce ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma ba ya maye gurbin wanki da magani da kiyaye suga. Kunne yana toshewa kamar a jirgin sama, sai mutum ya yi ta haɗiyar yawu. Awa ɗaya da rabi ake yi a ciki. Har da masu lafiya garau na ga suna zuwa tambaya, wai sun ji yana mayar da tsoho yaro. Wata mata mai zobba a kowane yatsa ta zo neman gurbi don fatar fuskarta, likitar ta sallame ta, ta ce wannan ba a tabbatar da shi ba, bututun na masu ciwo ne.

Akwai wani ma'aikaci da ke sarrafa injin, ni na sa masa suna Mai Shinshina, don kafin ya gaishe ka hancinsa ya riga ya gama da kai. Ranar farko ya zaunar da mu ya karanto mana dokoki. Ba a shiga da waya, ba a shiga da agogo, ba a shiga da tufar gida sai rigar auduga da su za su bayar. Sannan ya dube ni, kamar an gaya masa, ya ce ba mai, ba turare, ba wani abin shafawa ko kaɗan a jiki ko a gashi, domin a cikin wannan iska ɗan abu kaɗan yana iya kama wuta. Dogo, ka san kwalbar man Mama, man zaitun da take ɗiga wa ɗan turare ta shafa wa Baba daga gwiwa zuwa ƙasa kowace safiya. Ka san kuma a hannun wa ta bar kwalbar ranar da ta gane ba za ta tashi ba. Shekara bakwai ban tsallake safiya ɗaya ba, ko ina zazzaɓi. Sai ga wani yaro da bai kai ka shekaru ba yana gaya mini a gaban Auta cewa abin da nake yi haɗari ne. Auta har da gyaɗa kai tana rubutawa a waya. Na yi murmushi na ce to, na koma gida na ajiye kwalbar ba da son raina ba.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan maganar wayar. A jikin bututun akwai kan waya irin na da, mai igiya, wanda na waje yake magana da na ciki. Da aka rufe wa Baba ƙofa ranar farko sai idonsa ya firfito, ya fara buga gilashin da tafin hannu. Kafin in ajiye jakata Auta ta riga ta cafke wayar. Ta yi ta zuba, labarin ofishinsu, labarin maƙwabciyarta, labarin ranar da ka faɗa kwata da sabon wando, har Baba ya koma dariya. Mai Shinshina ya ce madalla, daga yau ita ce mai waya, kuma mutum ɗaya ake bari a ɗakin. Ni aka nuna mini benci a baranda. Kwana biyar ina zaune a kan bencin nan da takalman Baba a cinyata, ina jin dariyar Auta ta ƙasan ƙofa. Yarinyar da ni na goya, wadda in ta ga jini take rufe ido, wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa kwance bandejin nan ba, ita ce yanzu ma'aikatan jinya ke kira 'yar Baba. Ni kuwa wata ta tambaye ni ko mai aikin gidan ce. Ba zan ɓoye maka ba, kishi na ji, irin wanda yake hana mutum cin abinci. A mako na biyu na ce ɗinki ya yi mini yawa a shago, na daina binsu.

A nan ne na yi abin da ya sa nake rubuto maka. Safiyar farko ta mako na biyu, bayan na wanke gyambon na naɗe, na ga fatar ƙwaurin Baba ta bushe ta yi fari. Na ce a raina Mama ba ta taɓa barinsa haka ba. Na ɗauko kwalbar, na shafa masa a ƙafar dama da ƙwaurin hagu, ban kusanci ciwon ba. Na ce masa ɗan kaɗan ne, kafin su isa asibiti ya shige cikin fata, mutanen asibiti dama sun iya tsorata mutum. Baba ya dube ni, sannan ya sa mini albarka kamar kullum. Da yamma suka dawo lafiya, babu wanda ya ce komai. Sai na ce ashe Mai Shinshina hancin nasa na ado ne. Na ci gaba kowace safiya kafin motar Auta ta tsaya a ƙofa. Gyambon ya fara ja, ya fara tsukewa, ni kuwa ina jin daɗi a ɓoye, ina cewa su yi ta yabon bututu da mai waya, ni na san hannun da ke aiki. A cikin kwanakin ne ka turo saƙon murya a zauren 'yan uwa na waya, minti huɗu, kana cewa Auta ta fitar da mu kunya. Na saurare shi sau uku ina jiran sunana.

Kafin nan Baba ya riga ya rasa shiga sau biyu. Karon farko sugansa ne ya faɗi da aka gwada a bakin ƙofa, na biyu kuma mura ta toshe masa kunne suka ce ba zai jure matsin ba. Saura ɗaya ke nan. Ranar shiga ta goma sha tara, da sassafe, mijin Auta ya kira baban yara ya ce ɗansu ya kwana da amai, suna asibitin yara, sai dai ni in kai Baba. Wallahi na tausaya wa yaron, amma in na ce maka ban ji wani sanyi a raina ba na yi ƙarya. Na shafa wa Baba mai har da ƙari, na saka mayafina mai kyau. Muna cikin tasi wayata ta yi ƙara, Auta ce. Na ce wato za ta koya mini yadda ake kai ubana asibiti, na kife wayar. Ta sake kira, ta sake, har sau huɗu, sannan saƙo ya shigo. Ban buɗe ba. Baba ya tambaye ni wa ke kira, na ce masu kaya ne suke damuna.

Muna shiga barandar sai na ga Baba yana waige-waige. Ya tambaye ni a hankali ko Auta ta aiko mini da shuɗiyar jaka. Na ce wace jaka. Sai ya kau da kai. Kafin in sake tambaya Mai Shinshina ya fito da rigar audugar a hannu, ya durƙusa zai taimaka wa Baba cire takalmi, sai ya tsaya cak. Ya shafa ƙwaurin da yatsa, ya duba yatsan a hasken fitila, ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Ya ce ba zai sa Baba a ciki da wannan a jikinsa ba ko da likita ce ta roƙe shi, domin ran Baba ne a ciki da nasa da na duk wanda ke ɗakin, kuma dole ya rubuta an rasa ranar. Ni da bakina na ce masa ai kwana goma sha ɗaya ke nan Baba yana shiga da man nan babu abin da ya faru. Ya ce ba a taɓa kawo masa Baba da mai ba. A nan Baba ya kama gefen mayafina. Ya ce kullum in sun iso, Auta tana shigar da shi banɗakin ƙarshen baranda, ta fito da sabulu da tawul daga shuɗiyar jaka, ta durƙusa ta wanke man tas, shi ya sa suke fita gida da wuri. Ya ce shi ya hana ta gaya mini, domin ya ga an karɓe mini komai, wannan kaɗai ya rage a hannuna.

Dogo, na so ƙasa ta tsage in shige. Kwana goma sha ɗaya ina shafawa da alfahari, ƙanwata tana bina a baya tana gogewa, tsohon da nake jinya kuma shi ke lallaɓa ni. Ga ƙafarsa za ta tafi a kan ɗigon mai. Ban san lokacin da na fara roƙon Mai Shinshina ba, yaron da na yi wata guda ina yi wa kallon banza. Ya duba agogon bango, ya ce mai bin Baba a layi yakan makara, ya ba ni minti goma sha biyar, ya miƙo mini sabulun asibiti da roba da tawul biyu, ya ce in ya sake jin ko alama, magana ta ƙare. Na tura keken Baba zuwa banɗakin, na cire mayafin mai kyau na rataye a ƙofa, na durƙusa a kan tayil. Na naɗe bandejin da leda, na wanke ƙafa da ƙwauri sau uku, har bayan gwiwa da tsakanin yatsu, na wanke hannuwansa da nawa. Ƙamshin Mama yana tashi a cikin ruwan ɗumi yana bin magudana. Ina wanki ina kuka, Baba yana ce mini in yi a hankali fatar tsoho ce ba yadin shago ba. Da muka fito Mai Shinshina ya durƙusa ya yi aikin da na sa masa suna dominsa, ya daɗe, sannan ya ce a kawo gado.

Aka tura Baba ciki, aka rufe ƙofar, injin ya fara huci. Sai ga ni da kan wayar da na yi wata ina mafarkinsa, na kuma rasa abin faɗa. Ka san ni, hannuna ne mai magana, bakina sai faɗa. Na tambaye shi ko kunnen yana ciwo, ya ce a'a. Na ce ya haɗiye yawu, ya ce ya sani. Na fara ba shi labarin wata mai kaya da ta kawo yadi uku tana son riga huɗu, labarin ya mutu a tsakiya. Na ga numfashinsa ya fara sauri, idonsa yana neman ƙofa. Sai muryarsa ta fito ta wayar, siririya, ya ce in ajiye abin nan, in ɗora hannuna a kan gilashin daidai ƙafarsa. Na ɗora. Gilashin da ɗan sanyi, tsakanina da ƙwaurinsa bai fi taƙi ɗaya ba. Ya zuba wa hannun ido, numfashin ya sauka, can sai na ga bakinsa ya ɗan buɗe, ya yi barci. Awa ɗaya da kwata ban ɗaga hannun ba, kafaɗata har yau tana tuna mini. Mai Shinshina ya ce tun da Baba ya fara zuwa bai taɓa barci a ciki ba. Wannan maganar na adana ta, kuma ina so ka san an faɗe ta.

Da muka koma gida na buɗe saƙon Auta. Ta rubuta cewa don Allah Yaya in tsaya a kanti in sayi sabulu marar ƙamshi, Baba zai yi mini bayani, kuma in yafe mata. Da la'asar ta zo, yaron ya samu sauƙi. Na tare ta a kicin na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini gaskiya tun ranar farko. Ta ce tsorona take ji tun tana ƙarama. Ta ce kuma ita ce ya kamata ta yi kishi, domin duk surutun da take yi a wayar nan, da an buɗe ƙofa abin da Baba ke fara cewa shi ne a yi sauri a koma gida, Babba, wato ni, tana jira da ruwan wanki. Na ce mata daɗin baki dai ta iya shi tun tana goye. Sai ta ƙara mini da wani abin haushin, wai ai Mai Shinshina ya faɗa mata tun farko cewa ana iya shafa mai bayan an dawo, in dai za a wanke da safe, maganar tana cikin abin da ta rubuta a waya. Da na tambaye ta sau ɗaya da na sani. Yanzu da yamma nake shafawa, da safe in wanke da hannuna. Mun raba kwanakin zuwa asibiti, uku nata biyu nawa, kuma har yanzu ina ganin rabon bai yi daidai ba. Abin da ya fi tsaya mini ma shi ne su biyun sun yi sirri ba da ni ba, ko da sirrin don ni aka yi shi.

Jiya aka cika talatin. Likitar ta kwance bandejin, ta sa ɗan ma'auninta, ta ɗauki hoto ta jera da na ranar farko. Ramin da yake cin yatsu uku ya koma bai fi farcen babban yatsa ba, naman ja ne mai kyau. Aka kira likitan fiɗa, ya duba, ya danna, ya ce ya janye maganar yanka, a ci gaba da wanki da kiyaye suga, a dawo masa bayan mako biyu. Baba sai ya ce a miƙo masa takalminsa na hagu, wanda ya yi wata tara a ƙarƙashin gado kuma shi ya sa aka zo da shi a leda. Bai shiga ba saboda bandeji, ya dai riƙe shi a cinya har gida. Likitar ta juya ta yi wa Auta sannu da ƙoƙari. Na ji kishin nan ya taso mini kamar kullum, na haɗiye shi, domin a wannan karon na san gaskiya ta faɗa.

Ka gaida mini matarka da kyau, ka ce na ga hoton labulen da ta ɗinka, ta yi ƙoƙari amma ƙasan bai daidaita ba. Ka shafa mini kan takwaran Baba da 'yar ƙaramar mai kuka. Ka gaida Kawu in kun haɗu, da abokin nan naka mai gemu da ya taɓa kawo mana saƙo. Baba yana sa maka albarka, ya ce ka rage aiki. Gwaggo, baban yara da yaran duk suna gaishe ka. Auta ba ta san na rubuta wannan ba, kada ka karanta mata.

Ƙafar Baba tana nan, Dogo, kuma saura kaɗan ni in yi sanadinta. In godiya za ka yi, ka yi wa Allah, sannan ka kira Auta, ta cancanci minti huɗun nan har da ƙari. Amma ka fara kirana.

Wassalam.

Taka har kullum,
Yayarka Babba